Amiodarone ko Sotalol: Yadda Ake Zaɓen Maganin Rikicewar Bugun Zuciya Mai Haɗari

Ba kowace rikicewar bugun zuciya ce take buƙatar magani ba. Mutane da yawa sukan ji zuciyarsu ta yi tsalle ko ta tsallake bugu ɗaya, musamman bayan gajiya ko rashin barci, amma idan aka auna su sai a tarar zuciyar lafiya lau take. Wadda take tayar da hankalin likitoci ita ce wadda take tasowa daga ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, waɗanda su ne suke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Idan waɗannan ɗakuna suka ɗauki gudu har bugun ya kai 150 ko 200 a minti ɗaya, ba sa samun sukunin cika da jini kafin su matse, sai ƙarfin jini ya faɗi, mutum ya ji jiri ko ya yanke jiki ya suma. Idan abin ya ƙara tsananta, tsokar takan daina matsewa ta koma kyarma kawai, jini ya tsaya cik, kuma rai yana iya salwanta cikin 'yan mintuna idan ba a kai ɗauki ba. Galibin masu fama da wannan larura su ne waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa ta bar tabo a tsokar, da kuma waɗanda zuciyarsu ta yi rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Wanda ya tsira daga irin wannan hali yakan ji sunan magunguna biyu a bakin likitan zuciya, wato amiodarone da sotalol. Likita ne yake rubuta maganin, amma majinyaci ne zai sha shi shekara da shekaru, shi ne kuma zai ɗauki duk abin da ya biyo baya, saboda haka yana da haƙƙin sanin abin da kowannensu yake bayarwa da abin da yake karɓa.

Kafin a sa su a ma'auni, akwai wani darasi da ya sauya tunanin likitoci gaba ɗaya, wanda in ba a san shi ba ba za a gane dalilin taka-tsantsan ɗin da ake yi a yau ba. A shekarun 1980 an yi imani cewa idan magani ya danne ƙananan bugun da suke kutsawa cikin tsarin zuciya bayan toshewar jijiya, to ya kare mutum daga mutuwar farat ɗaya. Magungunan flecainide da encainide suna yin wannan aiki da kyau, domin takardar gwajin ECG, wato zanen bugun zuciya, takan fito tas bayan an fara shan su. Sai aka gudanar da babban binciken da ake kira CAST, aka ba wasu majinyata maganin, aka ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta. A 1989 aka dakatar da ɓangaren waɗannan magunguna biyu tun kafin wa'adinsa, saboda kashi 7.7 cikin 100 na masu shan maganin sun rasu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 3 ne kawai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun daga lokacin aka daina ba da flecainide da danginsa irin su propafenone ga duk wanda yake da tabo a zuciya ko raunin tsoka, aka kuma fahimci cewa gyaruwar takardar ECG ba ita ce tsawon rai ba. A ganina duk wanda zai zaɓi maganin rikicewar bugun zuciya ya kamata ya riƙe wannan a ransa, ya tambayi likita ƙarara ko maganin zai rage yawan tashin ciwon ne kawai, ko kuwa an tabbatar yana rage mutuwa.

Magungunan da suka amsa tambaya ta biyu da "e" su ne waɗanda suke toshe tasirin adirenalin, sinadarin da jiki yake fitarwa mai sa zuciya gudu, irin su metoprolol da bisoprolol da carvedilol. Ba su da ƙarfin danne ciwon kamar sauran, amma an tabbatar suna rage mutuwar farat ɗaya ga waɗanda jijiyarsu ta taɓa toshewa da masu raunin zuciya. Su ne tubalin farko, kuma maganar amiodarone ko sotalol tana tasowa ne idan su kaɗai sun gaza.

Amiodarone tsohon magani ne. An haɗa shi a ƙasar Beljiyam a farkon shekarun 1960 domin ciwon ƙirjin da ƙarancin jini a zuciya yake kawowa, daga baya likitoci, ciki har da Mauricio Rosenbaum na Ajantina, suka lura cewa yana daidaita bugun da ya rikice. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1985, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙarfinsa ya samo asali ne daga yadda yake taɓa hanyoyi da yawa a lokaci guda: yana rage fitar sinadarin fotasiyam daga ƙwayoyin tsokar zuciya, wanda hakan yake tsawaita hutun da suke yi tsakanin bugu da bugu, yana rage shigar sodiyam da kalsiyam, sannan yana rage tasirin adirenalin. Wannan ne ya sa babu maganin sha da ya kai shi hana ciwon dawowa. Ana iya ba da shi ga wanda zuciyarsa ta yi rauni matuƙa, inda yawancin sauran magungunan suke zama haɗari, kuma tun da hanta ce take sarrafa shi, mai ciwon ƙoda ba ya buƙatar a rage masa.

Halinsa a cikin jiki ya bambanta da na kusan kowane magani. Yana taruwa a kitse da hanta da huhu da fata, kuma sai waɗannan wurare sun ƙoshi kafin ya fara aiki sosai. Shi ya sa ake farawa da yawa: a tsarin da aka saba bi a Birtaniya, miligiram 200 sau uku a rana na mako ɗaya, sau biyu a rana na wani makon, sannan a koma ƙwaya ɗaya a rana. Fitarsa ma haka take da jinkiri, domin jiki yana ɗaukar kimanin wata biyu kafin ya rage rabin abin da ya tara. Wanda ya manta bai sha ba rana ɗaya bai yi asarar kariya ba, amma wanda maganin ya yi wa illa zai ci gaba da ɗauke da shi watanni bayan ya daina sha.

Illolinsa ne suke sa a yi dogon tunani. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin maganin aidin ne, har ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana ɗauke da kimanin miligiram 75 na aidin, alhali abin da babban mutum yake buƙata a rana bai wuce maikirogiram 150 ba. Ko da yake kaɗan ne daga ciki yake fita cikin jini, ya isa ya dagula aikin ƙululun tayirod da ke wuya. Ga wani mutum, aikin ƙululun yakan yi ƙasa, sai ya riƙa jin kasala da sanyi da ƙarin nauyi, kuma wannan yana da sauƙi domin ana ba shi ƙwayar da take cike giɓin ba tare da an tsayar da amiodarone ba. Ga wani kuma, aikin ƙululun yakan yi sama, sai ya rame, ya riƙa zufa da rawar hannu, bugun zuciyar da ake ƙoƙarin daidaitawa ya sake rikicewa, kuma wannan ya fi wuyar magani nesa ba kusa ba.

Illar da ta fi tsoratarwa ita ce ta huhu. Ba ta zuwa da hayaniya. Mutum yana shan maganinsa wata takwas ko shekara biyu lafiya lau, sai ya fara busasshen tari, ya lura cewa hawan benen da ya saba yana sa shi tsayawa a tsakiya domin ya ja numfashi. Da yake yana da ciwon zuciya, shi da iyalinsa sukan ɗauka zuciyar ce ta ƙara rauni, wani lokaci ma a ƙara masa maganin fitsari, alhali huhun ne yake kumbura yana neman yin tabo. Idan aka gano da wuri aka tsayar da maganin, sau da yawa huhun yakan farfaɗo, amma idan aka yi jinkiri ɓarnar tana iya zama ta dindindin ko ta kai ga rasa rai. Saboda haka duk mai shan amiodarone da ya ga sabon tari ko sabon haki, ya gaya wa likita a makon nan, kuma ya ambaci sunan maganin da bakinsa.

Sauran illolin sun haɗa da taɓuwar hanta, da ƙunar fata idan an shiga rana, da wani launi mai kama da toka da shuɗi da yake fitowa a hanci da kumatu bayan shekaru, da rawar hannu da rashin ji a yatsun ƙafa. Kusan kowane mai shan sa yakan sami wasu ƙananan ɗigo a saman ƙwayar ido ta gaba, waɗanda yawanci ba sa cutarwa, sai dai wasu sukan ga zobe ya kewaye fitila da dare. Raguwar gani kuwa wani abu ne daban, kuma tana buƙatar likitan ido nan take. Wannan ne ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji da gwajin hanta da na tayirod kafin a fara, sannan a maimaita gwajin jinin duk bayan wata shida. Maganin kuma ba ya zaman lafiya da wasu magungunan: yana ƙara ƙarfin warfarin mai tsinka jini har sai an rage shi da kimanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, yana ninka yawan digoxin, wani maganin zuciya, a jini, ba a wuce miligiram 20 na simvastatin mai rage kitsen jini tare da shi, kuma haɗa shi da sofosbuvir na ciwon hanta yana iya jawo mummunan jinkirin bugun zuciya. Ana guje masa ga mai ciki da mai shayarwa saboda aidin ɗin yana kaiwa ga jariri.

Sotalol kusan kishiyarsa ne. Yana yin aiki biyu, wato toshe adirenalin da kuma tsawaita hutun tsokar zuciya. Ba ya taruwa a gaɓoɓi, ba ya yi wa huhu tabo, ba ya taɓa hanta ko tayirod, kuma ƙoda ce take fitar da shi kusan yadda ya shiga, cikin kimanin awa goma sha biyu ta rage rabinsa. Yawanci ana farawa da miligiram 80 sau biyu a rana, a ƙara sannu a hankali. Ga mutumin da ke da shekaru talatin ko arba'in na rayuwa a gabansa, wannan ba ƙaramar falala ba ce.

Haɗarinsa a cikin zuciyar yake, kuma yakan zo da wuri. A takardar ECG akwai wata tazara da likitoci suke kira QT, wadda take nuna tsawon lokacin da ɗakunan ƙasa suke ɗauka daga matsewa zuwa shiryawa domin bugu na gaba. Sotalol yana tsawaita ta, kuma idan ta wuce kima tana iya haifar da wata irin rikicewa mai suna torsades de pointes, inda zanen bugun yake murɗawa sama da ƙasa, mutum ya suma ba zato ba tsammani. Wato maganin yana iya jawo irin ciwon da aka ba da shi domin ya hana. Shi ya sa a Amurka ƙa'idar maganin ta nemi a fara shi a asibiti, majinyaci yana haɗe da na'urar lura da bugu na aƙalla kwana uku, ana auna tazarar bayan kowace ƙwaya, kuma idan ta kai milisakan 500 a rage maganin ko a tsayar. Haɗarin ya fi yawa ga mata, da masu raunin ƙoda, da masu jinkirin bugu, da duk wanda fotasiyam ko magnesiyam ya yi ƙasa a jininsa. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin gudawa ko amai na kwana biyu, ko ƙarin maganin fitsari, sun isa su zubar da fotasiyam kuma su rage aikin ƙoda a lokaci guda, sai ƙwayar da mutum ya saba sha lafiya ta zame masa haɗari. Haka nan wasu magungunan da ake ɗauka ba komai ba ne, kamar erythromycin da clarithromycin da quinine da haloperidol da ondansetron, suna tsawaita tazarar su ma. Amiodarone shi ma yana tsawaita QT, amma da wuya ƙwarai ya haifar da torsades. Ba a ba da sotalol ga mai asma, ba a kuma ba da shi ga wanda raunin zuciyarsa ya tsananta.

Akwai wani abin lura a tarihin wannan magani. An taɓa ware rabinsa wanda ba ya toshe adirenalin aka gwada shi shi kaɗai a binciken SWORD, sai aka tsayar da binciken saboda mutuwa ta ƙaru, kamar yadda aka wallafa a 1996. Wannan yana nuna cewa wani babban kaso na amincin sotalol yana cikin aikin nan na toshe adirenalin ne.

An gwada su kafaɗa da kafaɗa a binciken OPTIC na 2006, a kan majinyata 412 da aka dasa wa na'urar ICD, wadda ake sanyawa ƙarƙashin fatar ƙirji domin ta lura da bugu ta kuma jijjiga zuciya da lantarki idan ya rikice. An ƙirga mutum nawa na'urar ta jijjiga cikin shekara ɗaya. A cikin masu shan maganin toshe adirenalin kaɗai, kashi 38.5 cikin 100 ne. A cikin masu shan sotalol, kashi 24.3 ne. A cikin waɗanda aka haɗa wa amiodarone da maganin toshe adirenalin kuwa, kashi 10.3 ne kawai. Ta fuskar ƙarfi babu gardama. Sai dai kashi 18.2 na masu amiodarone da kashi 23.5 na masu sotalol sun daina maganin kafin shekarar ta cika, kuma shekara ɗaya ta yi kaɗan ta nuna illolin amiodarone da suke taruwa da lokaci.

Ambaton na'urar ya kawo mu ga gaskiyar da ba kowane majinyaci yake jin daɗin ji ba. Ga wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa, ko wanda ya sami wannan gudu tare da raunin zuciya, babu ɗaya daga cikin magungunan biyu da zai maye gurbin ICD. A binciken AVID na 1997, bayan shekara uku kashi 75.4 na masu na'urar suna raye, a ɓangaren masu magani kuwa, waɗanda kusan dukansu amiodarone suke sha, kashi 64.1 ne. A binciken SCD-HeFT na 2005, wanda ya ƙunshi masu raunin zuciya 2,521, amiodarone bai rage mutuwa ba idan aka kwatanta da ƙwayar da babu magani a ciki, na'urar kuwa ta rage ta da kashi 23. Aikin magungunan a yau shi ne rage yawan tashin ciwon da rage jijjigar na'urar, wadda take da zafi kuma take jefa wasu cikin fargabar da ba ta barin su barci. Inda na'urar ba ta samuwa, ko majinyaci ya ƙi ta bayan an yi masa bayani, amiodarone tare da maganin toshe adirenalin shi ne abin da aka fi dogara da shi, amma ya kamata a faɗa wa mutum gaskiya cewa kariyar ba ɗaya ba ce.

Idan aka tattara waɗannan, hanyar zaɓe takan fito fili bayan an duba hoton zuciya da gwajin ƙoda da takardar ECG. Dattijon da zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ƙodarsa ma ta fara gazawa, ciwon kuma yana yawan tashi, amiodarone ne nasa, kuma tsoron illar da za ta zo bayan shekara goma bai kamata ya hana shi kariyar da yake buƙata a wannan watan ba. Matashi ko mai matsakaicin shekaru wanda ƙodarsa lafiya take, zuciyarsa tana tura jini daidai gwargwado, ba shi da asma, tazarar QT ɗinsa kuma ba ta yi tsawo ba, ya fi dacewa a fara masa da sotalol a ajiye amiodarone don gaba. Mai ciwon huhu na dindindin yana cikin tsaka mai wuya, domin sotalol yana iya matse masa hanyar numfashi, amiodarone kuma ba zai sami huhun da zai jure ɓarna ba, kuma irinsa ne ya kamata a fara tunanin wata hanya tun da wuri. Akwai kuma tambayar da nake ganin ba a cika yi ba alhali tana da nauyi: shin mutumin zai iya dawowa gwaji a kan kari? Amiodarone ba tare da gwajin wata shida-shida ba ganganci ne, haka ma sotalol ba tare da auna ƙoda da fotasiyam ba.

Wata hanyar da aka ambata ita ce aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a gano gefen tabon da wutar lantarkin zuciya take kewayawa tana rikita bugu, a ƙona shi. Binciken VANISH na 2016 ya nuna cewa ga wanda ciwon ya dawo masa duk da yana shan amiodarone, wannan aiki ya fi ƙara yawan maganin amfani. Idan aikin bai yiwu ba, akan ƙara mexiletine a kan amiodarone, ko da yake yakan sa tashin zuciya da rawar jiki. Dronedarone, wanda aka ƙera a kan fasalin amiodarone amma babu aidin a cikinsa, ba na wannan ciwo ba ne, kuma an ga yana ƙara mutuwa ga masu matsanancin raunin zuciya.

A ɗakin gaggawa lissafin daban ne. Idan zuciya ta koma kyarma, danna ƙirji da jijjiga ta da lantarki su ne magani, allura tana biyo baya ne. Bayan jijjiga ta uku akan ba da miligiram 300 na amiodarone ta jijiya, ko lidocaine a madadinsa. Babban binciken da aka wallafa a 2016 a kan mutum 3,026 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti ya sami kashi 24.4 sun fita asibiti da rai a ɓangaren amiodarone, 23.7 a na lidocaine, 21 a na ruwan da babu magani, kuma bambancin bai kai yadda za a yanke hukunci da shi ba, sai dai a cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu magungunan biyu sun nuna amfani. Idan kuwa torsades ce, giram 2 na magnesiyam ta jijiya ake bayarwa tare da gyara fotasiyam, kuma amiodarone da sotalol duka biyun suna cikin abin da ake gujewa.

Masu larurar da ake gada suna da tasu ƙa'ida. Wanda aka haifa da doguwar tazarar QT, nadolol ko propranolol ne maganinsa, kuma sotalol da amiodarone ba nasa ba ne ko kaɗan. Akwai kuma wata larura da bugun yake rikicewa lokacin motsa jiki ko tashin hankali alhali zuciyar ba ta da tabo, inda flecainide, wanda aka haramta wa masu tabo, yake zama abin ƙarawa a kan nadolol.

Sauya magani ma yana da nasa tsari. Ba a yanke sotalol farat ɗaya sai da umarnin likita, domin zuciyar da ta saba da kariya daga adirenalin tana iya zabura ta jawo ciwon ƙirji ko dawowar rikicewar. Wanda kuma zai bar amiodarone ya koma sotalol, dole a jira tazarar QT ta sauko kafin a fara sabon, a ci gaba da auna warfarin da digoxin na tsawon watanni yayin da tsohon maganin yake fita, a kuma ci gaba da gwajin tayirod har kusan shekara guda bayan ƙwaya ta ƙarshe.